Bajamushiyar da ke Kuka a Ɗakin Baba

Kakata ta wajen uwa, Hajiya Kande, a Small Heath take zaune gidan Kawu, amma da sanyi ya kama sai ta taho Manchester ta kwana biyu a flat ɗinmu na Whalley Range. Bayan magariba takan miƙe ƙafa gaban hita, ni da ƙanwata mu raɓu da ita, a buɗe tatsuniya.

A daidai lokacin Baba kan dawo daga aikinsa na likita, ya shige ƙaramin ɗakinsa ya rufe, ya ɗora wani tsohon faifai. Sai muryar wata mata ta biyo ta ƙarƙashin ƙofa, mai kauri da sanyi, tana jan waƙa da Jamusanci, goge da ƙahonin Turawa na bin ta a hankali. Hajiya ta san a Jamus Baba ya yi karatun likita. Ta kuma ga hoton matar a kwalin faifan, wuyanta a buɗe. Tun daga nan hankalinta ya ƙi kwanciya.

"Wace ce wannan da ba ta gajiya da kuka a gidan 'yata?" ta taɓa raɗa mini. "Kin taɓa jin yana waya da yarensu?"

Suruka ba ta tuhumar mijin 'yarta baki da baki, don haka ta biyo ta tatsuniya. Wai wani masunci ne kullum da yamma yake zama bakin kogi yana sauraron 'yar ruwa. Matarsa ta kai masa tuwo, bai waiwayo ba. 'Ya'yansa suka kira shi, bai ji ba. Yau ruwa a idon sawunsa, gobe a gwiwa, har ran da aka tsinci hularsa kaɗai a kan ruwa. Hajiya ta ɗaga murya yadda za ta ratsa ƙofa: "Muryar da ta raba mutum da tuwon gidansa, ku ji tsoronta, yara!"

Waƙar ta tsaya. Baba ya fito, ya durƙusa nesa da ita, kansa a ƙasa.

"Hajiya, matar nan ta rasu tun kafin in taka Jamus. Waƙar kuwa ta wani uba ce da ya binne 'ya'yansa."

Ranar na fara jin sunan Sadiƙu daga bakin Baba, yayana da ya koma yana jinjiri kafin a haife ni. Mama na tsaye a ƙofar kicin, ludayi a hannu, ba ta motsa ba.

Hajiya ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "Allah ya jiƙan yaron. To uwarsa fa, Likita? Ita da wa take nata kukan?"

Washegari bayan isha'i na ga Mama ta shiga ɗakin, an kuma sake faifan daga farko.

Har Hajiya ta bar duniya ba ta yarda da Bajamushiyar ba. Na daɗe ina ɗauka kuskure ta yi, ta zargi mamaciya a banza. Sai da na yi aure, na ga yadda mutum biyu kan kwana da ciwo ɗaya kowa na ɓoye wa ɗan'uwansa, na gane tsohuwar ta hango masuncinta sarai. Ruwan ya riga ya kai masa ƙirji, ita kaɗai ta yi ihu.