Barkonon Uwata da Wutar Gafiya

Barkonon da na zo da shi gidan miji ba irin na kasuwa ba ne. Daga wajen Doguwa na kawo shi a ɗan gora, uwata ce ta ba ni, ita ma tata uwar ta ba ta. Ƙanana ne jajaye, ga ƙamshi. In kin jefa biyu a miyar kuka, sai maƙwabta su san an yi girki. Zamanin Turawa ne, maza na ta rububin gyaɗa, ni kuwa ina da 'yan kunyoyina a bakin fadamar Burumburum, maigida na ja mini ruwa da jigo. Kowace shekara nakan zaɓi masu kyau in busar, in ajiye a goran nan don iri.

Da rani maza kan sa wa ciyawa wuta su kori gafiya. A shekarar da nake faɗi, ƙanin maigidana ne ya ja gaba. Iska ta juya musu, gambar da ke gefen fadama ta kama, wuta ta taho har bakin lambuna. Da yake maigida ya share kewayen tun farko, nan ta tsaya. Amma hucinta, ko ina nesa sai da na kare fuska da zane.

Da yamma ƙanin miji ya shigo yana lilo da gafiya.

"Matarmu, na duba miki, ko ganye ɗaya bai ƙone ba. Ga ta ban haƙuri."

"Wannan ramammiyar? Ai tsufa ne ya kashe ta, ka tsinta."

"To bari in kai wa mai so na."

"Ajiye nan, marar kunya."

Kashegari matar ƙanin mijin ta haihu. Danginta na nesa, ni ce babba a gidan, yajin jego a kaina yake. Tana kwance ta ce, "Yaya, don Allah da naki za ki yi mini, na kasuwa ba ya shigar mini." Na je lambu da kaina na duba. Shar yake, fure fari fat a kowane reshe. Na dawo na juye goran duka a turmi, na haɗa da citta da kanumfari da masoro.

Maigida ya leƙo ya ce, "Ki rage ko 'yan kaɗan mana."

Na ce, "Malam, lambu cike da fure, me zan rage wa? So kake a ce na yi wa mai jego rowa?"

Yajin ya yi suna, matan da suka zo barka har ƙullawa suke a bakin zane.

Kafin ranar suna fure ya fara zuba. Sai ganye ya naɗe, bakinsa ya yi ja. Karan ma, gefen da ya kalli wuta ya tsattsage. Ashe ba sai wuta ta taɓa barkono ba. A tsaye take dafa shi, shi kuwa ba ya nunawa sai an kwana biyu. Na yi ta ban ruwa safe da yamma, na kafa masa zana don inuwa, na zuba kashin awaki. Waɗansu suka sake ganye, suka yi 'yan 'ya'ya a yamutse. Da na fasa, ƙwayar ciki baƙa ce, ba nauyi. Duk da haka na shuka da damina. Ko ɗaya bai tsiro ba.

Bayan kaka na tafi garinmu neman iri. Uwata ta riga ta rasu, matan 'yan'uwana kuwa na kasuwa suke saye. Wata tsohuwa ta ba ni mai kama da shi, na shuka, ya fito da zafi kawai, babu ƙamshin.

Ba na da-na-sanin yajin, ko yau aka haihu a gidana haka zan yi. 'Yan kaɗan ɗin nan da Malam ya ce in rage, su ne ke zo mini har yanzu in ina girki.

Ƙanin miji bai sake kunna wuta a wannan gefen ba. Duk kasuwar da ya ci, Kiru ko Bebeji, sai ya dawo da barkono a aljihu ya miƙo mini.

"Matarmu, ɗanɗana wannan."

In gatsa, in girgiza kai. Shekaru yana kawowa, har ya gaji ya daina.