Ranar da Baba Ya Ce a Ƙaro

Mahaifina tela ne a Balad, tsohon garin Jidda, jallabiya yake ɗinkawa, amma aikin da ya fi ɗauka da girma shi ne ɗanɗana abin sha a gida. Ba wanda ya naɗa shi. Ba kuma wani abin a zo a gani muke sha ba a gidanmu na unguwar Hindawiyya: zoɓo ne, ruwan tsamiya, lemon tsami da sukari, wani lokaci jan sharba na kwalba da ake tsinkawa da ruwa har sai launin kaɗai ya rage. Duk da haka, in an shimfiɗa tabarma an ajiye abinci, ba mai kai kofi baki sai shi ya fara. Ya ɗaga kofin wajen haske, ya sansana, ya kurɓa, ya riƙe a baki yana kallon rufin kwano, shinkafa kuma tana hucewa.

Hukuncinsa hawa uku ne. In ya ce "ya jiƙa maƙoshi," to abin bai yi ba ke nan. In ya ce "ba laifi," an tsira. Na sama shi ne ya miƙa kofi ya ce "a ƙaro," kuma wannan ba kasafai ake jinsa ba. Wani ruwan zabibi da ya sayo a bakin kasuwa ya taɓa samu. Zoɓon wata gwaggonmu da ta zo aikin hajji ya samu, ko da yake ina zargin kunya ce ta sa. Innata kuwa, wadda ke jiƙawa da tacewa tun kafin a haife ni, ba ta taɓa wuce "ba laifi" ba. Ba ta magana a kai, amma ni babbar 'yarta ce, tare muke aikin, kuma ina ganin yadda take tsayar da ludayi in ya kurɓa.

Inda abin ya fi ci mata rai shi ne subiya, farin abin shan nan na mutanen Hijaz da ake yi da azumi. Sha'ir ake jiƙawa da busasshen burodi, a sa kirfa da ƙwayar hel mai ƙamshi, a rufe a bar shi ya ɗan tashi, sannan a tace a zuba sukari da ƙanƙara. In an gaggauta, ruwan burodi ne. In an bar shi ya wuce, sai ya yi tsamin da malamai za su so jin bayani. Inna ta iya tsayar da shi daidai, har tana jefa 'yar citta da kanumfari, abin da ta taho da shi daga Sudan, inda aka haife su ita da Baba. Shi kuwa ya riga ya yanke cewa subiya a hannu take, kuma sai hannun da aka haifa a Jidda. Misalinsa kullum maƙwabciyarmu ce, wadda muke kira Khala, jikar alhazan da suka zo da ƙafa suka zauna. Hausarta rabi Larabci ce, wannan kuma a wajen Baba shaida ce babba.

A lungunmu, in la'asar ta yi sanyi da azumi, kwanuka ke yawo. Kowane gida ya aika wa maƙwabta ɗan abin da ya dafa, kuma ba a mai da kwano wayam, ko dabino ne sai an saka. Wata rana Inna ta tace subiya mai yawa, ta cika langa ta ce in kai wa wata tsohuwa da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen lungu. Na kai na dawo. Dab da buga igwar shan ruwa sai ga aike daga gidan Khala, an dawo mana da wata langarmu da ta kwana can, cike da subiya.

Aka buga igwa, aka ci dabino, aka yi salla, aka zauna ga romon shurba da sambusa. Baba ya fara da ta gida. Ya yi duk abin da ya saba, ya haɗiye, ya ce, "Ba laifi. Sukari ya ɗan leƙo." Sannan na zuba masa ta gidan Khala. Ya sansana ya daɗe, ya kurɓa, ya lumshe ido. Ya ce akwai wani ɗumi da ke zuwa a ƙarshe, bayan sanyin ya wuce, wanda ba a koyonsa. Ya miƙo kofi ya ce, "A ƙaro."

Na ƙara masa, na zuba wa Inna, na zuba wa kaina. Kurɓa ɗaya na yi na ji citta da kanumfari. Duk lungun ba mai sa su a subiya sai mutum ɗaya, kuma tana zaune kusa da ni. Na dube ta, ta dube ni, ta ɗan girgiza kai, na haɗiye maganar tare da subiyar.

Baba ya share baki ya ce mata, "Kin ji bambancin ko? Ba raini ba ne, ki je ki zauna da ita ki ga yadda take yi. Tambaya ba abin kunya ba ce."

Inna ta ce, "To, Malam."

Washegari da hantsi ta yafa mayafi ta ce in raka ta. Khala na ganinmu ta fara ba da haƙuri tun ba mu zauna ba. "Ma'alesh ya ukhti, wallahi jiya subiyata ta kharɓe marra, ta yi tsami, na zubar. Ga langarki ba abin sawa. Sai tsohuwar nan ta aiko min da wata, ta ce ta yi mata yawa, na ce khalas, na juye miki. Ta yi daɗi?"

"Ta yi," in ji Inna. "Har an ce a ƙaro."

"Ajib. To wa ya yi ta? Ina so in koya."

Inna ta kwance mayafi ta ce a kawo mata sha'ir da ƙyallen tacewa. Muka yini a gidan har azahar tana nuna wa Khala yadda ake gane ya tashi, da inda ake tsayawa da citta. Khala tana ta "tayyib, tayyib," tana ɓata aikin.

Da subiyar gida ta sake nuna, Inna ta yi ta kamar yadda take yi kullum, ba ta ƙara ko ƙwayar hel ba. Baba ya tambaya ko ta je, ta ce ta je. Ya ɗaga kofi, ya sansana, ya kurɓa, ya kalli rufin kwano ya daɗe fiye da kullum. Ya ce, "An samu ci gaba. Kin kusa." Bai miƙo kofin ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, don ni ba na iya irin haƙurinta. Ina son mahaifina, amma a ranar da na samu dama da na juye masa langar a cinya. Muna wanke-wanke na tare ta na ce, "Inna, don Allah ki bar ni in faɗa masa. Ga Khala nan shaida, ga tsohuwa. Ya san taki ce ya sha."

Ta ci gaba da cuɗa kofinsa, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Kin san ubanki. In kika faɗa, zai ce a kawo ya sake ɗanɗanawa, ya gano sukari ya leƙo, ya janye maganarsa. Sau ɗaya ya faɗa, a gabana, da kunnena na ji. Ki bar min abina."