Ranar da Lado Ya Je Shaida Gaban Sojoji

Lado mahauci ne a unguwar Guéma, shi yake kai nama wani barikin soja. Bai taɓa shiga kotu ba. Abin da ya sani game da shari'ar sojoji, a telebijin ɗin maƙwabcinsa ya gani: wasu sojoji cikin jirgin sararin samaniya sun gurfanar da kyaftin ɗinsu, lauya yana ta kare shi, ana sauraron kowane mai shaida har ya gama.

A 1986 aka zargi Kofur Habou, mai karɓar nama a hannunsa, da karkatar da abincin bariki. Aka kira Lado shaida. Ya shirya bayaninsa tsaf, don ya san Habou bai ci ba.

Hafsoshi uku ya tarar a bayan tebur. Ɗayansu ya kira shi da kamarad, wato abokin gwagwarmaya, yadda ake kiran kowa a lokacin.

"Kamarad, kai ke kawo naman?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Amma..."

"Ya isa. Fita."

Bai gama sa takalminsa da ya tuɓe a bakin ƙofa ba ya ji an ce an yanke wa Habou shekara biyar. Ya tsaya baki buɗe.

Washegari ya rufe rumfa, ya hau mota zuwa garin Djougou ya shaida wa mahaifiyar Habou abin da ya faru.