Majigin da Ruwa Ya Katse

Kakata ba ta taɓa ganin teku ba, ni ma ban gani ba. Ruwan da muka sani shi ne mayo, wato kogin garinmu, wanda ke cika da damina ya hana mu zuwa gona, rani ya yi mu tona yashinsa da ƙoƙo. Amma duk Mubi ba na jin akwai gidan da aka yi maganar teku kamar namu.

Daga duwatsun Michika Kaka ta sauko da ɗanta Zira, wato mahaifina. Ina goye ya tafi Ikko yin dako a tashar jiragen ruwa. Da farko yana aiko da gaisuwa ta bakin direbobi. Sai wani ya zo ya ce Zira ya shiga aikin jirgi, irin wanda ke daɗewa a kan ruwa. Daga nan shiru. Uwata ta yi iya jiranta, danginta suka zo suka mayar da ita garin Uba. Ni aka bar wa Kaka.

Idan an kwashe gyaɗa, da an gama cin tuwo, yaran unguwa kan taru a bakin murhunta, 'ya'yan masu zuwa coci da na masu zuwa masallaci duk a tabarma ɗaya. Ba a banza ake ji ba. Kowa da tarin gyaɗa a gabansa, hannun wani ya tsaya da ɓara, labari ya tsaya. Tana da tatsuniyar kura, tana da ta biri ɓarawon dawa, amma wanda muke roƙo kullum shi ne labarin mutumin tsibiri. Shi kuwa ba tatsuniya ba ne, majigi ne.

Sau ɗaya ta kalli majigi a duniya. Masu tallar magani ne suka zo da mota, suka ɗaure farin ƙyalle a filin kasuwa. Ba ta ji ko kalma ɗaya ta Turancin ba, ido kawai ta zuba. Shi ya sa ba ta buɗe wannan labari yadda take buɗe sauran. Sai ta gyara itace ta ce, “Wannan ba wanda ya gaya mini. Idona ne.”

Wai jirgi ne ya fashe, ruwa ya tofar da mutum ɗaya a kan wata 'yar ƙasa. Gaba ruwa, baya ruwa. “Kamar mayo ya cika,” in ji ta, “amma ba wancan gefe.” Ba gida, ba gona, ba wanda zai ce masa sannu. Ya fasa kwakwa da dutse ya sha. Ya soki kifi da sanda. Gemu ya fito masa har ƙirji, wandonsa ya zama tsumma. Ya yi ta murza itace har tafinsa ya yi jini kafin ya samu wuta, da ya samu kuwa bai sake bari ta mutu ba. Kullum yana ɗora mata ɗanyen ganye, hayaƙi ya tashi sama, ko wani jirgi zai hango. Ran nan yana zaune sai ga wani abu can ƙarshen ruwa, ƙarami kamar ƙuda. Ya tashi da gudu, yana zuba ganye, yana ɗaga hannu.

A nan Kaka ke katse labarin ta ci gaba da ɓarar gyaɗa.

Domin a nan ne aka tsuge da ruwan sama a filin kasuwa. Iska ta ɗauke ƙyallen, masu mota suka kashe inji, kowa ya watse. Washegari sun wuce Sorau.

Kuve, sa'ata 'yar maƙwabta, baki gare ta. Kullum sai ta tambaya.

“Kaka, an ɗauke shi?”

“Ban gani ba.”

“To ki ce an ɗauke shi mana! Ai na kura ma ba ki gani ba kike faɗa.”

“Kura ba 'yar kowa ba ce. Ɓara gyaɗarki, mai baki kamar buɗaɗɗen buhu.”

Muka yi ta dariya. Ba mu san abin da muke wa dariya ba.

A zamanin nan ashana sai masu hali. Da safe mata kan bi gida-gida da tsingaro suna ɗiban garwashi. Kowa ya san gidan da ba a rasawa. Kaka kan binne garwashi cikin toka kafin ta kwanta, da asuba ta tone. Da yamma kuma, ko ba sauro, sai ta karyo ɗanyen ganyen darbejiya ta ɗora. Hayaƙi ya cika tsakar gida, idanunmu su yi ja. Maƙwabta sun yi magana har sun gaji.

Wata rana na yi wayon da ba a tambaye ni ba. Na ce, “Kaka, ai wanda ya ɓata shi ke yin hayaƙi. Mu da muke gida, na mene ne namu?”

Na zaci mari zan sha, don ba ta da nauyin hannu wajen wannan. Ba ta mare ni ba. Ta dube ni kawai, ta ce, “Miƙo ganyen.” Na miƙa.

Baba bai dawo ba. Ranar da aka binne Kaka, mutane suka cika gida, ba wanda ya tuna da murhu. Washegari ni na ɗauki tsingaro na shiga gidan su Kuve roƙon wuta. Ban ji komai ba. Na dai lura hanyar ba ta da nisa.

Na yi aure, na haifa, na binne miji. Ɗana Yakubu yana gyaran keken ɗinki a kasuwa, sai abokai suka hure masa kunne da Turai. Na hana, ya yi kamar ya ji. Ya bi ta hamada har bakin ruwa. Kiransa na ƙarshe ta wayar matarsa ne, aka kara mini a kunne. Ya ce, “Mama, gobe za mu shiga ruwa, ki sa mu a addu'a.” Na ce to. Na miƙa wayar na je na sauke tuwo, don ya fara kamawa. Ba mu sake jin muryarsa ba. Mutane sun zo jaje, wasu suka ce a yi zaman makoki a huta. Na ce makokin wa? Wa ya ga gawa? Sun ce zuciyata dutse ce. Wataƙila.

'Yarsa Rifkatu a hannuna take, yanzu ta zama budurwa. Ita ke zuwa wurin masu tura finafinai a waya. Na waƙa da rawa ba na ko ɗaga kai. Amma ta gane in akwai teku a ciki zan jawo kujera, sai ta riƙa nemo mini su. Na ga na wanda ya rage shi kaɗai a kwale-kwale, na ga na waɗanda suka yi ta faɗa a tsibiri kan ruwan sha. Na fi son na mutum ɗaya. Ba na jin yarensu, kuma ba na buƙata. Aikinsu nake dubawa.

“Dubi sakarai, ya bar wuta a fili ga hadari.”

“Kaka, wasa ne fa, ba ya jin ki.”

“Shi ya sa zai mutu.”

Da na ga jirgi ya ɓullo daga nesa, sai in tashi in ce zan duba awaki. Rifkatu ta lura. Ran nan da yamma ta riƙe mini bakin zane.

“Yau ba inda za ki. Awakin sun ƙoshi.”

Ban saba yaro ya riƙe ni ba, amma na zauna. Jirgin ya matso. Aka sauko da ƙaramin kwale-kwale, aka ja mutumin ciki, aka lulluɓe shi da bargo. Yana kuka, masu jirgi suna bubbuga bayansa. Abin da kakata ta mutu ba ta gani ba ke nan, ga shi a tafin hannun yarinya, bai fi tsawon shan ruwa ba. Na jira in ji wani abu a ƙirjina. Shiru. Idona na kan wutar da ya bari a bakin yashi, tana ta hayaƙi ba kowa.

“Kin gani, Kaka? An ɗauke shi.”

“Na gani. An ɗauki wannan.”

Ta kife wayar a cinya. Can ta ce, “Baba fa?”

Da ƙarya na da amfani da na yi mata. Na ce, “Ban gani ba.”

Tambayar da na yi wa Kaka ina yarinya, ba wanda ya ba ni amsarta, zama ne ya ba ni. Na ɗauka mahaifina ne a tsibiri, mu muna gida. Ashe wanda ya tafi ya tafi, ko yana raye ko ba ya raye, ya san inda yake. Wadda aka bari ce ruwa ya kewaye. Tana cikin mutane, ana gaishe ta tana amsawa, amma gaba ruwa, baya ruwa, ba ta da abin yi sai hayaƙi.

Surukata, matar Yakubu, da gas take girki, ta ce murhuna na ɓata mata shanya. Ban rushe shi ba. Ranar nan da muka gama kallo na fita na tone tokar, akwai sauran ja a ƙasa. Ban kira kowa ba. Ina durƙushe ina hurawa na ji an karya reshe a bayana.

Rifkatu ce. Ta miƙo ganyen.