Baba Santsi da Mazubin da Ake Kira Gwaggo

A masana'antar robar da ke ƙarshen layin manyan motoci, babu mai kiran Baba Santsi da sunansa na gaskiya. Shi kansa in an kira shi da shi sai ya waiga ya ga ko da wani ake. Sunan ya samo asali ne daga hannunsa: duk wanda ya yi musabaha da shi sai ya nemi inda zai goge tafinsa.

Da gyaran keke ya fara, ya koma keken ɗinki, daga nan wani abokinsa ya ja shi masana'anta. Shekara ashirin da biyu ke nan aikinsa ɗaya, kula da mazubi. Mazubi ƙaton ƙarfe ne mai ɓari biyu. Injin ya haɗa ɓarin, ya ɗura narkakkiyar roba a ciki, ya buɗe, sai waɗansu gajerun robobi masu faɗin baki su zubo. Su ne ake hurawa daga baya su zama kwalaben zuba zuma ko man shafawa. Ma'aikata na kiransu jarirai, tunda ba su girma ba tukuna.

Mazubi shida ne a hannunsa, amma na uku ya fi ba shi aiki. Gwaggo yake ce masa, saboda mita. In sandunan da ke turo jarirai waje suka bushe, Gwaggo sai ta fara wani siririn ƙugi, wanda a cikin hayaniyar injuna babu mai ji sai shi. Yakan tsaya ya karkata kai, ya ce, "To, na ji. Ba sai kin tara mini jama'a ba."

Ko a gida hannunsa ba ya zama. Ya shafa wa ƙofofin gidan mai har suka daina ƙara, ya riƙa bayyana a bayan mutane kamar aljani. Matarsa, wadda kowa ke kira Inna, ta sha zubar da abin da ke hannunta don firgita.

"Malam, don Allah ka riƙa tari in za ka shigo!"

"Na yi tarin," in ji shi. "Shi ma na shafa masa mai ne."

Ana nan sai aka yi wa mijin autarsa ƙarin girma, aka ba shi shugabancin sashen su Baba Santsi. Injiniya ake ce masa, mutum ne mai natsuwa da farar riga, kuma yana jin nauyin surukinsa ƙwarai. In sun haɗu a tsakanin injuna sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ina kwana," ya kauce kamar an aike shi. Baba Santsi kuwa sai ya ɗaga murya ya ce, "Ranka ya daɗe, shugaba!" don kawai ya ga kunya ta kama Injiniya.

A watan Injiniya na biyu a shugabancin aka samu babban aiki, aka ce kada injin ko ɗaya ya tsaya. A daidai lokacin Gwaggo ta fara mita. Baba Santsi ya tafi ofis, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza tsumma.

"Shugaba, awa huɗu nake roƙo. Hanyoyin iskar Gwaggo sun toshe, sandunanta sun bushe. Jariran sun fara fitowa da ƙuna a gindi."

Injiniya ya miƙe tsaye, yana kallon teburinsa. "Baba, a yi haƙuri zuwa ƙarshen wata. Lissafi ya nuna za ta kai."

"Ita ta gaya maka?"

"Baba, a yi haƙuri."

Baba Santsi bai yi musu ba. Ya ce Allah ya kai mu, ya juya, sai kuma ya dawo da wata takarda. Jariran da suka ƙone ba a sake niƙa su, zubarwa ake yi, don haka ya roƙi izinin ɗauka. Injiniya, da yake neman abin da zai faranta wa surukinsa, ya sa hannu ko karantawa bai gama ba.

Da aka tashi aiki, Baba Santsi ya ɗaure buhu guda a bayan babur, ya nuna wa maigadi takarda, ya zarce gidan autarsa.

"Baba, mene ne wannan?" in ji Auta.

"Tsaraba. Aikin hannun mijinki ne na yau. Na ce ai ya kamata iyalinsa su gani."

Ya kira jikokinsa, 'yan biyu mata masu shekara biyar, ya zazzage musu buhun a tsakiyar falo. Bai tafi ba sai da ya koya musu yadda ake zuba tsakuwa a jariri ɗaya, a kife wani a kai, a girgiza.

Washegari buhu biyu ya kawo, domin ƙunar ta ƙaru. Rana ta uku, uku, kullum sai ƙaruwa. Duk buhun da ya sauke sai ya rubuta ranar a jikinsa da baƙin alƙalami, ya jingina shi inda ba za a iya wucewa ba. 'Yan biyu suka gayyato ƙawayensu. Jarirai suka shiga ƙarƙashin kujeru, suka shiga tukwane, ɗaya ya toshe magudanar banɗaki. Injiniya ya zura ƙafa a takalminsa da safe ya ci karo da guda, ya taka wani a bakin ƙofa ya tafi da baya sai da ya rungumi labule. Kuma ba shi da bakin cewa a zubar, tunda kyautar suruki ce, da sa hannunsa aka fito da ita.

Auta ce ta gaji. Ta tare mijinta yana shan shayi, ta ce, "Ni ban san abin da ke tsakaninka da Baba ba. Amma jiya ya tambaye ni ko ɗakin baƙi a buɗe yake, wai gobe da a-kori-kura zai zo. Ka ba shi abin da yake so."

Injiniya ya leƙa falo, ya ƙirga buhunan da ranakun da ke jikinsu. A takarda ya saba ganin abin a matsayin kashi kaɗan cikin ɗari. Bai taɓa ganinsa tsaye a jikin bango ya kai tsayin taga ba.

Ƙarfe takwas na safe aka kashe injin na uku. Injiniya ya naɗe hannun farar rigarsa ya ce zai taya. Baba Santsi ya jira ƙarfen ya huce, ya buɗe ɓarin biyu, ya kulle makunnin wuta ya jefa mabuɗin a aljihunsa. Ya ɗauko ɗan tsinken tagulla ya fara kankare daskararren datti daga hanyoyin iska, waɗanda sirantarsu ba ta wuce gashi ba.

"Me ya sa ba za a sa sukundireba ba, Baba? Ai zai fi sauri."

"Ƙarfe a fuskar Gwaggo? In ka yi mata ƙarzane ɗaya, duk jaririn da ta haifa da shi zai fito har ta mutu."

Ya goge tsohon giris tas, sannan ya buɗe gwangwanin farin giris, irin wanda ba ya cutarwa ko ya taɓa abinci. Injiniya ya lakato da yatsa biyu, Baba Santsi ya riƙe masa hannu.

"A'a, shugaba, ba burodi ba ne. Kamar ƙwayar shinkafa, kowace sanda. In ya yi yawa zai tsiyayo cikin ramin mazubin ya ɓata robar."

Suka bi sandunan ɗaya bayan ɗaya, tsohon yana ta bayani, bakinsa har kunne. Saura bututun ruwan da ke sanyaya mazubin. Baba Santsi ya ce ai wannan lafiyarsa lau, shi ya wanke shi da kansa watan jiya. Injiniya ya ce tunda an buɗe, bari dai a duba. Ya kwance rariyar bututun, ya zura yatsa, ya jawo wani jiƙaƙƙen ƙyalle shuɗi mai zanen furanni, wanda ya toshe kusan rabin hanyar ruwan.

Injiniya ya san zanen. Zanen Inna ne, wanda ta yi wata biyu tana nema, har ta zargi mai wanki. Baba Santsi ne ya yayyanka shi ya yi tsumma, don ya fi kowane ƙyalle shan mai, ya kuma manta guntu a bututun.

Baba Santsi ya yi tari. "Iska ce ta kawo shi."

"Haka ne, Baba," in ji Injiniya, kansa a sunkuye. "Iskar cikin bututu tana da ƙarfi."

Ya matse ƙyallen, ya ninke shi da ladabi, ya sa a aljihu. Aka tayar da injin kafin awa huɗu ta cika, jarirai suka zubo garau kamar gilashi. Baba Santsi ya kasa jin daɗinsu, idonsa na kan aljihun surukinsa.

Ranar hutu Injiniya ya zo gaisuwa da iyalinsa. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya miƙa mata leda. Baba Santsi ya fara laluben takalminsa. Da Inna ta buɗe sai ga sabon zane shuɗi mai furanni, irin wancan sak.

"Baba ne ya ce in nemo miki," in ji Injiniya. "Ya ce ɓatan wancan ya dame shi ƙwarai."

Inna ta dubi zanen, ta dubi mijinta, ta daɗe tana dubansa. "Shekara talatin da biyar, Malam, ban taɓa jin ɓatan kayana ya dame ka ba. Me ka yi?"

Baba Santsi ya ce ana kiransa a waje. A ƙofar gida Injiniya ya same shi, suka tsaya kowa na kallon titi. Nan suka shirya: duk ranar Litinin ta biyu a wata za a tsayar da mazubi ɗaya awa huɗu, ko da wane irin aiki ake. Baba Santsi kuma zai zo da babur ya kwashe buhunansa.

Sai da ya yi sawu bakwai. A sawu na ƙarshe 'yan biyu suka riƙe buhun suna kuka, dole ya bar musu rabi.