Ranar da Na Wuce Baba a Hanyar Tarauni

Baban da ya koya min tuƙi bai taɓa wuce arba'in a cikin gari ba. Akwai wani allon ƙayyade gudu a bakin hanyar da ta taso daga Gyadi-Gyadi ta nufi kasuwar Tarauni, ya yi tsatsa, an manne shi da hotunan 'yan takara har lambar da ƙyar take leƙowa, kuma ina jin duk Kano shi kaɗai ne yake karanta shi. Mu sauran direbobi mun ɗauka an kafa shi ne don a samu wurin ɗaure akuya. 'Yan acaɓa su zage shi, masu hayis su cika masa kunne da hon, shi kuwa yana tafe a tsohuwar akori-kurarsa da kwandunan tumatir a baya, gwiwar hannunsa a kan taga, ko a jikinsa.

Ba shi ya haife ni ba. Na zo daga ƙauye bayan rasuwar mahaifina, da jaka ɗaya da baki mai kaifi, ya ɗauke ni karen mota. Shekara huɗu ina ɗora kwando ina saukewa kafin ya yaye ni, kuma a shekarun nan huɗu ba ranar da ban yi gunaguni a raina kan tafiyar hawainiyarsa ba. Sai dai direbobin tasharmu suna da wata al'ada da ko ni mai taurin kai ban taɓa karyawa ba. Wanda ya yaye ka, in ka tarar da shi a hanya, ba ka yi masa hon, ba ka wuce shi. Sai ka bi bayansa har ya hango ka a madubi, ya ɗaga hannu ta taga ya yi maka alama, sannan ka wuce kana gaishe shi. In bai ɗaga ba, to akwai abin da yake gani a gaba wanda kai ba ka gani.

A shekarar da soja suka koma bariki na samu aiki wurin wani ɗan siyasa da ya ci kujera. Wata uku kafin nan kayan gyaran mota yake sayarwa, yanzu kuwa in ba ka ce masa Honarabul ba ko juyowa ba ya yi. Ya sayi baƙar mota mai baƙin gilas, ya sa aka ɗaura mata jiniya, duk da ba wanda ya ce kujerarsa ta kai ta jiniya. Ranar da zai ɗauke ni ya tambaye ni inda na koyi tuƙi, na ce masa a wani kamfani. Kunyar tumatir nake ji. Na ɗinka sabuwar kaftani, na fara fesa turare, kaina ya yi girman da hula ba ta shiga.

A lokacin ina neman aure. Yarinyar 'yar wani tela ce, dattijo mai tsantseni, shagonsa yana bakin titi dab da kasuwar Tarauni. Ni ba ni da uba a birni, ba ni da kawu, ba wanda zai shiga zauren mutane ya ce ya san asalina sai Baba. An tsayar da ranar Juma'a zai je ya nema min. In Baba bai je ba, ko ya je aka ƙi maganarsa, shi ke nan, babu auren.

Ranar Laraba da azahar na ɗauko Honarabul zai je wani taro, ya makara, kuma a ganinsa laifin kowa ne ban da shi. Makarantu sun tashi, hanya ta cika da yara da masu tura kura da 'yan acaɓa. Muna barin Gyadi-Gyadi sai ga akori-kura a gabana. Ko a mafarki na san wannan motar, ni na ɗaure ƙofarta ta baya da waya. Na sassauta, na bi bayanta.

"Kai direba, wannan wane irin mataccen mutum ne a gabanmu? Danna masa hon."

Na ce, "Ranka ya daɗe, hanyar ce ta matse."

"Ina matsin yake? Kunna jiniya."

Na kalli madubin Baba, na ga fuskarsa a ciki, na tabbata ya gan ni. Gwiwar hannunsa tana kan taga, amma hannun bai ɗaga ba. Na san ma'anar haka sarai. Na ci gaba da binsa.

Honarabul ya matso, ya dafa kujerata. "Wai ka san shi ne kake ta lallaɓa shi haka?"

Da na ce maigidana ne, da wataƙila ya yi tsaki ya ƙyale, shi ma ai ɗan kasuwa ne, ya san mene ne maigida. Amma na tuna kamfanin da na ƙirƙira, na tuna sabuwar kaftanina. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe, ina zan san shi? Irin tsofaffin banzan nan ne masu tare wa mutane hanya." Ba wanda ya nemi wannan ƙarin daga bakina, ni na ga dama na ƙara.

Na kunna jiniya, na karkata hagu, na taka mota. Ina fitowa na ga abin da Baba yake gani: wani mai kurar ruwa ya raba hanya biyu da jarkokinsa, 'yan makaranta uku sun raɓe a jikinsa suna tsallakawa. Ba inda zan bi. Na yanko dama da ƙarfi na shiga gaban Baba, shi kuma don kada ya buge ni ya kauce, tayarsa ta gaba ta faɗa kwata. Na ji ƙarar, na ji kwanduna suna zubewa. Honarabul ya sauke gilas ya leƙa ya ce, "Tsoho, ka koma ƙauye ka hau jaki!"

A madubi na ga Baba ya fito yana dafe da ƙugu, tumatir ya watsu a titi motoci suna takawa. Na kuma ga a ƙofar shagon da abin ya faru, wani dattijo ya miƙe tsaye da tef ɗin awo a wuyansa. Duk tsawon hanyar nan, a gaban shagon surukina na zaɓi in yi wannan aika-aika. Ban tsaya ba. Honarabul yana dariya, yana cewa yau ya san ya ɗauki direba.

Ranar Alhamis bayan la'asar na ja ƙafa na je gidan Baba. Na tarar da shi a ƙofar gida yana duba tayar, ta lanƙwashe. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa kamar kullum. Na buɗe baki na ce, "Baba, jiya..."

Ya ce, "Ka sayi goron?"

"Na saya, Baba. Amma maganar jiya..."

"Manya ka saya ko ƙanana? Kada ka sa in shiga zauren mutane da goro kamar gyaɗa. Miƙo min sifana ɗin can."

Na miƙa masa. Na zauna ina riƙe masa noti har aka kira magariba, bai ba ni kafar da zan sa maganar ba, ni ma, in faɗi gaskiya, ban matsa ba. Na ji daɗin da ya rufe min baki.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sa babbar rigarsa, ya tafi da dattawa biyu na unguwa. Na zauna a dakalin ƙofar gidansa ina jira. Da ya dawo ya miƙo min goro ɗaya ya ce, "An ba ka. Ka je ka yi wa Allah godiya." Sai na ce a raina ashe telan bai gane ni ba, baƙin gilas ya rufa min asiri. Na yi murna irin ta ɓarawon da aka kama wani a madadinsa.

Sai bayan biki da kusan wata biyu matata ta ba ni labari. Muna zaune da hantsi tana tsince shinkafa, ta ce ai ranar tana laɓe a bayan ƙofar zaure, ta ji komai. Mahaifinta ya gane ni tun daga nesa, motar ai kullum da ita nake zuwa ƙofar shagonsa. Ta ce ko goron bai bari an buɗe ba, ya ce, "Malam, da idona na gani. Yaron da zai jefa maigidansa a kwata ya wuce ko waiwaye babu, shi zan ɗauki 'yata in ba?"

Ta ce Baba ya gyara zama har ta ɗauka tashi zai yi. Can ya ce, "Abin da ka gani haka ne, ba zan ce maka ba a yi ba. Amma ni na koya masa. Na koya masa giya, na koya masa birki, ban koya masa yadda ake ce wa babban mutum a'a ba, don ni tumatir nake ɗauka, tumatir kuwa bai taɓa ba ni umarni ba. Wannan giɓin nawa ne. Tilasta shi aka yi. Shekara huɗu muna mota ɗaya da yaron nan, wallahi ko a bayan idona ba zai faɗi mummunar kalma a kaina ba. Ka ba shi, ni na tsaya masa."

Ta ce rantsuwar ce ta sa mahaifinta ya sauko, don ya san Baba ba ya rantsuwa a kan abin da bai tabbatar ba.

Tana faɗa tana murmushi, tana alfahari da mijin da dattijo ya rantse a kansa. Na sunkuyar da kai. A kan wannan rantsuwar aka ɗaura min aure, a kanta aka haifi 'ya'yana, ni kaɗai kuma na san abin da bakina ya faɗa a cikin motar nan. Na sha tashi da niyyar in je in gaya wa Baba, in je ƙofar gidansa, mu gaisa, mu yi hirar tsadar mai, in dawo. Har ya rasu ban gaya masa ba.

Matata kuwa ranar ta ga idona ya kawo ruwa, ta ɗauka daɗi ne ya hana ni magana. Na bar ta a haka.