Ki Gaya wa Yayanki

Farkon damina ne, ƙasa ta sha ruwa tana ƙamshi, mu kuwa ba mu da inda za mu zuba iri. A shekarar muka baro Galadi muka dawo cikin Shinkafi saboda rashin kwanciyar hankali, gonarmu tana can ciyawa na cinye ta. Wuni ya yi mana tsawo. Wanda abin ya fi taɓawa shi ne ɗana na fari. Ya gama sakandare, ba halin ci gaba, ga noman da ya iya ya gagara. Da hantsi zai fita gindin dalbejiyar bakin titi, ya zauna da sa'o'insa suna kallon masu babura, sai azahar ya shigo ya ci abinci kansa a ƙasa.

A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama hira da shi. Haka na taso na gani, haka na yi. Tun yana goyo nake kawar da kai in ana yabonsa. In ina da magana, ƙanwarsa nake aika. Don haka ramar da yake yi ina ganinta, amma ban san abin da ke cin sa ba. A zatona ya fi ƙarfin aikin hannu tunda ya yi boko, sai na yi shiru ina roƙon Allah ya kawo masa na ofis.

Wata ranar Laraba ƙanwar ta raɗa mini cewa ya haɗa kayansa a buhu. Gobe in kasuwa ta watse zai bi wata mota zuwa wajen haƙar zinari. Na san gidajen da 'ya'yansu suka tafi ramukan nan, na kuma san waɗanda aka zauna makoki babu gawa.

Da la'asar ina tsince zogale a tsakar gida, ya shigo yana wanke ƙafa. Na kira yarinyar, na ɗaga murya kaɗan.

"Ki gaya wa yayanki, ramin da ba shi ya gina ba, ban yarda ya shiga ba."

Ta juya, ga shi nan tsaye kusa da ita. "Yaya, ka dai ji."

Bai ɗago ba. "Ki ce ma Inna na gaji da cin tuwon da ban nema ba."

"Ki tambaye shi, mi yake so?"

"Inna, wai ni rediyo ce?" in ji ta. "Ga ki ga shi!"

Dariya ta kusa kuɓuce masa, ya danne. Ya daɗe yana murza butar a hannu. Sannan ya ce, har yanzu yana kallon ƙanwar, shi gyaran babur yake so ya koya. Ya ce duk wunin da yake yi a bakin titi, kunnensa na kan injin. Daga ƙara yake gane wanda ke da ciwo. Abin da ya hana shi faɗa, wai ya ga yadda na dage da zuwa ajin yaƙi da jahilci da girmana don in riƙa duba littattafansa, yana jin nauyin in gan shi da baƙin mai har gwiwar hannu.

Na ajiye faranti. Ashe ni ina jin nauyinsa, shi yana jin nawa, rami na jiransa a tsakani.

Ban kira sunansa ba, har yau ma ban iya ba. Amma na dube shi ido da ido, abin da rabona da shi tun yana rarrafe.

"Baƙin mai ai sabulu yana fitar da shi," na ce. "Kwance buhun nan."

Ƙanwar ta buga tafi. "Yau Inna ta sallame ni daga aiki!"

Washegari bayan sallar asuba na nemi izinin mahaifinsu, na yafa mayafi na nufi tasha. Na shiga motar Kaura Namoda, inda ƙanena yake da rumfar gyaran babura kusa da kasuwa, don in roƙe shi da bakina ya karɓi ɗana.